John Glenn: Ɗan Sama-jannatin da Ya Yi Magana da Kano

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. ba da tarihin John Glenn a taƙaice, daga ƙuruciya zuwa tsufa;
2. bayyana abin da ke hana kumbo faɗowa yayin da yake kewaya duniya;
3. faɗin aikin da tashar Kano ta yi a tafiyar Glenn ta 1962;
4. bayyana dalilin da ya sa dawowa ƙasa ke da haɗari;
5. lissafa gudu, bambancin lokaci da shekarun haihuwa.

1. Asalinsa

An haifi John Glenn ranar 18 ga Yuli 1921 a garin Cambridge da ke jihar Ohio ta Amurka, ya kuma tashi a wani ɗan ƙaramin gari mai suna New Concord. Mahaifinsa aikin famfo yake yi, mahaifiyarsa malamar makaranta ce. Yana ɗan shekara 8 mahaifinsa ya shiga jirgin sama da shi karon farko, tun daga ranar son jirgi ya shiga ransa.

Ya shiga kwalejin Muskingum da ke garinsu, a 1941 kuma ya samu lasin tuƙin jirgi. A watan Disamba na shekarar Japan ta kai wa Amurka hari a Pearl Harbor, sai ya ajiye karatu bai karɓi digiri ba, ya shiga soja. Ya zama matuƙin jirgin yaƙi a rundunar sojojin kundumbala. Ya fita kai farmaki fiye da sau 50 a yankin Tekun Fasifik lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan sau 90 a Yaƙin Koriya.

Bayan yaƙi ya koma aikin gwajin jirage. Aiki ne da ya ci rayukan matuƙa da yawa, domin kai ne na farko da zai hau jirgin da ba a gama sanin halinsa ba. A watan Yuli na 1957 ya tuƙa jirgin yaƙi daga Kalifoniya zuwa New York, wato daga wannan gefe na Amurka zuwa wancan, cikin awa 3 da minti 23. Babu wanda ya taɓa yin wannan tafiya da irin wannan sauri kafin shi.

> Akwatin kalmomi
> Matuƙin gwaji: matuƙin da ke fara tashi da sabon jirgi don a gano lafiyarsa da aibinsa.
> Ɗan sama-jannati: mutumin da aka horar don tafiya sararin samaniya.
> Kumbo: ɗakin ƙarfe da ke ɗaukar mutum ko na'urori zuwa sararin samaniya.
> Roka: dogon inji mai ƙone makamashi da ƙarfi, wanda ke cilla kumbo sama.

2. Tseren manyan ƙasashe biyu

A wancan zamani Amurka da Tarayyar Sobiyet suna cikin yaƙin cacar baka, kowace na son nuna wa duniya ita ce gaba. Ranar 4 ga Oktoba 1957 Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Hankalin Amurka ya tashi. A 1958 ta kafa hukumar NASA, a watan Afrilu na 1959 kuma ta gabatar da mutum 7 da ta zaɓa don shirin da ta kira Mercury. Glenn ne ya fi su shekaru, yana da 37. Shi kuma ga shi ba digiri a hannu, amma aka duba ƙwarewarsa da kwasa-kwasan da ya yi a soja, aka ɗauke shi. Sai a 1962, yana da shekara 40 da ɗoriya, kwalejinsa ta ba shi digirin.

Duk da haka Sobiyet ta sake yin gaba. Ranar 12 ga Afrilu 1961 Yuri Gagarin ya kewaya duniya sau ɗaya cikin tafiyar minti 108. A watan Agusta Gherman Titov ya kwana ya wuni a sama, ya yi kewaye 17. Amurkawa biyu, Alan Shepard da Gus Grissom, sun je sama a shekarar, amma tafiyar kowannensu kimanin minti 15 ce: suka hau, suka sauko cikin teku. Ba su kewaya duniya ba. Tsakanin hawa sama da kewaya duniya akwai tazara babba, kuma ita za mu duba yanzu.

3. Me ke riƙe kumbo a sama?

Duk abin da ka saki yana faɗowa ƙasa, saboda duniya tana janyo komai zuwa gare ta. To, ɗauki dutse ka jefa shi gaba. Zai yi tafiya kaɗan ya faɗi. Ƙara ƙarfi, zai ƙara nisa kafin ya faɗi. Yanzu ka tuna duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, dunƙulalliya ce, bayanta yana lanƙwasawa. Da za ka iya jefa dutsen da gudu mai tsananin gaske, da yana sunkuyowa ƙasa, ƙasar kuma tana lanƙwashewa daga ƙarƙashinsa daidai gwargwado. Zai yi ta faɗowa bai taɓa ƙasa ba, har ya zagayo ya dawo inda ya taso. Wannan hanya da yake bi ita ce falaki.

Ke nan ba tsawo kaɗai ake nema ba, gudu ake nema. Kusa da duniya, gudun da ake buƙata ya kai kimanin kilomita 28,000 a awa ɗaya. Ana kuma buƙatar hawa sama da iska, domin iska tana rage wa abu gudu. Kumbon Glenn ya yi tafiya tsakanin kimanin kilomita 160 da 260 daga doron ƙasa, inda iska ta yi siririyar da kusan babu ita. A can ba a buƙatar inji ya ci gaba da turawa. Roka ta gama aikinta cikin kusan minti 5, ta rabu da kumbo, shi kuma ya ci gaba da kansa.

Misali na 1. Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa za ta yi 230 ÷ 80, wato kusan awa 3. Kumbo fa?

Gudunsa a minti ɗaya: 28,000 ÷ 60 = kimanin kilomita 467.
Lokacin tafiya: 230 ÷ 467 = kimanin rabin minti.
Amsa: daƙiƙa 30.

Akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi, har da masu ilimi. Idan suka ga ɗan sama-jannati yana shawagi cikin kumbo, sai su ce ai jan ƙasa bai kai can ba. Ba haka ba ne. A tsawon da Glenn ya kai, jan ƙasa yana nan fiye da kashi 90 cikin 100 na yadda yake a nan. Abin da ke faruwa shi ne mutum da kumbo da duk abin da ke ciki suna faɗowa tare, da gudu ɗaya, don haka babu abin da ke danne wani.

Gwaji a aji. A samu robar ruwa, a huda ta a gefe kusa da gindi, a cika ta da ruwa, kada a rufe bakin. Ruwa zai riƙa tsartuwa ta hudar. Wani ya hau kan benci a waje ya sake ta. A lura da kyau: muddin tana faɗowa, tsartuwar takan tsaya, saboda ruwan da robar tare suke faɗuwa, ruwan ba ya danna ta.

Kafin tafiyar Glenn likitocin NASA suna da fargaba. Shin mutum zai iya haɗiye abinci a wannan hali? Idanunsa ba za su sauya siffa gani ya lalace ba? Shi ya sa aka manna masa ɗan allon gwajin ido a gabansa, aka kuma ba shi markaɗaɗɗen tuffa a cikin bututu mai matsewa. Ya karanta allon, ya sha tuffarsa lafiya lau.

> Akwatin kalmomi
> Jan ƙasa: ƙarfin da duniya ke janyo abubuwa da shi zuwa gare ta.
> Falaki: hanyar da abu ke bi yana kewaya duniya ko rana.
> Rashin nauyi: halin da mutum ke ji idan shi da abin da ke ɗauke da shi suna faɗowa tare.

4. Talata, 20 ga Fabrairu 1962

An sha ɗage tafiyar, wani lokaci saboda gajimare, wani lokaci saboda gyaran roka. Cikin wannan jira Glenn ya nemi wani abu da ya kamata mu tsaya a kansa. Kwamfuta ce ta lissafa hanyar da kumbon zai bi, amma kwamfuta sabon abu ce a lokacin, ba a gama yarda da ita ba. Sai ya ce a ba Katherine Johnson lissafin ta duba. Baƙar fata ce, masaniyar lissafi, tana aiki a cibiyar NASA da ke jihar Virginia, inda a lokacin ake nuna wa baƙaƙe wariya a makaranta da wurin cin abinci. Ta yi kwana ɗaya da rabi tana bin lissafin da ɗan injin lissafi na tebur, amsarta ta zo daidai da ta kwamfuta. Shekaru masu yawa suka wuce kafin jama'a su san sunanta.

Ƙarfe 9:47 na safe agogon Fulorida, rokar Atlas ta tashi daga Cape Canaveral ɗauke da kumbon da Glenn ya sa wa suna Friendship 7. Ƙaramin abu ne ƙwarai. Faɗin gindinsa bai kai mita 2 ba, mutum ɗaya yake ɗauka, shi ma a kishingiɗe, na'urori sun kewaye shi.

A nan ne Kano ta shigo labarin. Saƙon rediyon da kumbo ke amfani da shi miƙe yake tafiya, ba ya bin lanƙwasar duniya. Da zarar kumbo ya wuce ya faɗa bayan ƙasa, tashar da ke sauraronsa ta daina ji. Ga irin gudun da muka lissafa, kowace tasha mintoci kaɗan take samu. Don haka NASA ta jera tashoshi 18 a kewayen duniya, wasu a tudu, biyu a kan jiragen ruwa, wannan ta saurara ta miƙa wa ta gaba. Bayan kumbo ya tsallaka Tekun Atilantika, tashar tsibiran Kanari ce ke karɓarsa, sai ta Kano, sai ta Zanzibar a gabashin Afirka. Ma'aikatan tashar Kano suna magana da Glenn baki da baki, suna karɓar saƙonnin na'urori game da bugun zuciyarsa, numfashinsa da lafiyar kumbon, suna aikawa Amurka.

Misali na 2. Ƙarfe nawa ne a Kano lokacin da ya tashi? A watan Fabrairu agogon Nijeriya da Nijar yana gaban na Fulorida da awa 6.

9:47 + awa 6 = 15:47.
15:47 − 12:00 = 3:47 na yamma.

Bayan minti 20 da 'yan kai yana saman ƙasar Hausa, wato ƙarfe 4 ta ɗan gota, lokacin la'asar, ana tsakiyar azumin Ramadan na shekarar. Ya leƙa ta taga, ya shaida wa tashar Kano cewa yana ganin guguwar ƙura a ƙasa. Suka amsa masa cewa an yi mako guda ana iska mai ƙarfi. Duk wanda ya san hazon hunturu ya san abin da mutumin nan ya hango. Abin takaici ne a ce yaranmu suna haddace sunayen biranen Turai a makaranta, ba a gaya musu wannan ba.

Daga nan ya shiga dare a saman Tekun Indiya. Mutanen birnin Perth na Ostireliya suka kunna fitilun gidaje da na tituna don ya gan su, ya kuwa gan su. Kowane kewaye yana ɗaukarsa kimanin minti 88 da rabi, saboda haka cikin tafiyar da ba ta kai awa 5 ba ya ga faɗuwar rana sau 3. Da asuba ta farko ya ga wasu ƙananan abubuwa masu ƙyalli, dubbai, suna yawo gefen taga. Daga baya aka gane ɓarɓashin ƙanƙara ne da ke fita daga jikin kumbon.

> Akwatin kalmomi
> Tashar bibiya: wurin da aka kafa na'urorin rediyo don sauraron kumbo da magana da shi yayin da yake wucewa.
> Kewaye ɗaya: zagaya duniya sau ɗaya a kan falaki.

5. Matsala biyu

Wajen ƙarshen kewaye na farko, ɗaya daga cikin ƙananan bututun da ke daidaita fuskar kumbo ya fara gardama, kumbon ya riƙa karkata. Glenn ya kashe na'urar mai sarrafa kanta, ya karɓi tuƙi da hannu. Wannan ne amfanin aika matuƙin gwaji.

Ta biyun ta fi tsanani. Don a dawo ƙasa, ana harba wasu ƙananan rokoki 3 da ke ɗaure a gindin kumbo, su rage masa gudu, sai ya faɗo cikin iska. Yana shiga da wannan gudu sai ya matse iskar da ke gabansa. Iska kuwa idan aka matse ta zafi take yi, kamar yadda famfon keke ke ɗumi a hannu in ana ba taya iska. A nan zafin yana wuce digiri 1,500, wanda ya isa ya narkar da ƙarfe iri-iri. Abin da ke kare mutum shi ne garkuwar zafi, wani faifai mai kauri a gindin kumbo, wanda ke ƙonewa a hankali yana zubewa, yana tafiya da zafin.

To, sai wata alama ta iso ƙasa tana nuna garkuwar ta kwance. In haka ne, Glenn zai ƙone ƙurmus. A ƙa'ida, bayan rokokin nan sun gama aiki ana jefar da kunshinsu. Amma maɗauran kunshin sun bi ta kan garkuwar, don haka shugabannin tafiyar suka yanke shawara a bar shi, ko zai riƙe ta. Sun riƙa yi wa Glenn tambayoyi a kaikaice, ba su fito fili sun faɗa masa abin da suke tsoro ba sai can kusa da saukowa. Daga baya ya nuna bai ji daɗin haka ba, kuma yana da gaskiya: wanda ransa ke kan siraɗi shi ya fi kowa cancantar a gaya masa halin da ake ciki.

Da ya shiga iska, rediyo ya yanke na 'yan mintoci, kamar yadda aka sani zai yi. Gutsattsarin ƙarfe masu ci da wuta suka riƙa wucewa ta gefen taga, bai san ko na kunshin ba ne ko na garkuwar. Jikinsa ya yi nauyi kusan ninki 8. Sannan laima ta buɗe, kumbon ya sauka cikin Tekun Atilantika, jirgin ruwan yaƙi mai suna Noa ya tsamo shi. Tafiyar ta ɗauki awa 4 da minti 55, kewaye 3. Da aka bincika, garkuwar lafiyarta ƙalau, makunnin alamar ne ya lalace.

> Akwatin kalmomi
> Garkuwar zafi: faifan da ke kare kumbo daga wuta lokacin da yake shigowa cikin iskar duniya.
> Laima: babban ƙyalle mai igiyoyi da ke buɗewa ya rage saurin faɗowa.

6. Sauran rayuwarsa

Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya. Miliyoyin mutane suka fito tarbarsa a New York. Amma ba duk abin da ya yi ne abin yabo ba. A watan Yuli na 1962, gaban wani kwamitin majalisa, ya goyi bayan ƙa'idar cewa sai matuƙin gwaji na jirgin yaƙi ne zai je sama, alhali a lokacin ba a barin mata su yi wannan aiki. Shekara ɗaya bayan haka, a watan Yuni na 1963, Valentina Tereshkova ta Sobiyet, wadda a da ma'aikaciyar masaƙa ce, ta kewaya duniya sau 48. Amurka ba ta aika mace ba sai 1983.

Ya bar NASA a 1964, ya yi kasuwanci, ya shiga siyasa. Ya nemi kujerar sanata bai samu ba, sai a 1974 jihar Ohio ta zaɓe shi, ya yi shekara 24 a Majalisar Dattawa. Shi ne jigon dokar 1978 ta hana yaɗuwar makaman nukiliya. Ya nemi takarar shugaban ƙasa a 1984, bai kai labari ba.

Matarsa Annie, wadda suka taso tare tun suna yara suka yi aure a 1943, tana da i'ina mai tsanani, har amsa waya yana yi mata wuya. A 1973, tana da shekara 53, ta shiga wani horo na musamman ta koyi magana daga tushe, daga baya ta riƙa tsayawa gaban taro tana jawabi don taimaka wa masu irin lalurarta.

Ranar 29 ga Oktoba 1998 Glenn ya sake komawa sama cikin kumbon Discovery, ya yi kusan kwana 9, kewaye 134. Likitoci suka riƙa auna barcinsa da jininsa don nazarin tsufa. Wasu sun soki tafiyar, suka ce gwaji a kan mutum ɗaya ba ya tabbatar da komai, kuma sukar tana da tushe. Abin da ba a musu shi ne ya yi horon, ya je, ya dawo lafiya. Ya rasu ranar 8 ga Disamba 2016, shi ne na ƙarshe da ya rasu cikin mutum bakwai na shirin Mercury.

Misali na 3. Shekararsa nawa a kowace tafiya? A cire shekarar haihuwa, sannan a duba ko watan haihuwa ya zagayo.

Tafiyar farko: 1962 − 1921 = 41. Amma Fabrairu ne, Yuli bai zo ba, sai a rage 1. Amsa: 40.
Tafiya ta biyu: 1998 − 1921 = 77. Oktoba yana bayan Yuli, ba a rage komai. Amsa: 77.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa Glenn ya bar kwaleji bai karɓi digiri ba? A wace shekara ya samu digirin?
2. Mene ne bambancin tafiyar Alan Shepard da ta Yuri Gagarin?
3. Bayyana da kalmominka abin da ke hana kumbo faɗowa.
4. Gaskiya ko ƙarya: babu jan ƙasa a inda kumbo ke kewayawa. Kawo hujja daga gwajin robar ruwa.
5. Don me NASA ta buƙaci tashoshi da yawa maimakon ɗaya? Faɗi tashar da ke gaban ta Kano da wadda ke bayanta.
6. Me Glenn ya ce ya gani a saman Kano, kuma wane yanayi ake ciki a watan Fabrairu?
7. Wane aiki Katherine Johnson ta yi?
8. Me ya sa aka bar kunshin ƙananan rokoki a jikin kumbon lokacin saukowa?
9. Ya tashi ƙarfe 3:47 na yamma agogon Kano, ya yi awa 4 da minti 55. Ƙarfe nawa ya sauka?
10. Agogon Gana yana bayan na Nijeriya da awa 1. Ƙarfe nawa ne a Kumasi lokacin da rokar ta tashi?
11. Idan kumbo yana kewaye ɗaya cikin minti 90, sau nawa zai ga faɗuwar rana cikin awa 24?
12. Shekarar Glenn nawa lokacin da ya rasu? Nuna yadda ka yi lissafin.
13. Don tattaunawa a aji: daidai ne a ɓoye wa ma'aikaci haɗarin da ke gabansa don kada hankalinsa ya tashi? Kowa ya kawo misali daga sana'arsa.